Tarihin Binciken Ƙwayoyin Bakteriya Masu Cin Man Fetur a Cikin Laka: Daga Ƙarƙashin Teku Zuwa Dutsin-Ma da Kurfi

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda masana kimiyya suka gano cewa akwai wasu ƙananan halittu masu cin ɗanyen man fetur, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa lokacin da aka same su a cikin lakar da ke kwance a ƙasan teku mai zurfi. Za a duba matakan da binciken ya bi, da haɗurran da suka zaburar da shi, da kuma inda Nijeriya ta shigo cikin labarin. Daga ƙarshe za a dawo gida, wato Dutsin-Ma da Kurfi ta tsakiyar Jihar Katsina, a ga darasin da ke cikin wannan tarihi game da baƙin man da ake zubarwa a garejoji da bakin ruwaye.

Manufar babin ita ce a nuna cewa waɗannan halittu suna aikin tsabtace muhalli ne bisa sharaɗi. Idan sun sami iska da taki da ɗumi sukan cinye mai a cikin makonni ko watanni. Idan kuwa man ya nutse cikin laka inda iska ba ta shiga, aikin yakan koma na shekaru masu yawa. Wannan bambanci shi ne kusan duk abin da binciken shekara ɗari ya tsaya a kansa.

3.1 Ma'anar Wasu Muhimman Kalmomi

Bakteriya wasu halittu ne masu rai waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girma. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Leeuwenhoek ne ya fara ba da bayanin ganinsu a shekarar 1676. Bahaushe ya daɗe yana cin moriyarsu ba tare da ya san sunansu ba. Su ne ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, su ne ke sa madara ta yi barci ta zama kindirmo, kuma su ne ke sa baba ya nuna a cikin karofi har marini ya sami shuɗi. Saboda haka ba kowace bakteriya ce ke haddasa cuta ba.

Haidirokabon kuwa suna ne da ya tattara duk wani sinadari da aka gina da abu biyu kawai, wato haidirojin da kabon. Fetur da kananzir da man dizal da man juye da iskar gas ta girki duk 'yan wannan gida ne. Wasunsu ƙwayoyinsu a miƙe suke kamar tsarkiya, waɗannan suna da sauƙin ci ga bakteriya. Wasu kuma a naɗe suke kamar zobba a haɗe da juna, su ne masu taurin kai, kuma a cikinsu ne ake samun masu jawo cutar daji.

Abin da ake nufi da lakar ƙasan teku shi ne taɓon da ya taru a can ƙasa daga ƙurar duwatsu da koguna ke kwasowa da gawarwakin ƙananan halittun ruwa. A zurfin mita 1,000 zuwa ƙasa babu hasken rana, sanyin wurin bai cika wuce digiri 4 a ma'aunin salshiyas ba, nauyin ruwa kuma ya ninka na iskar da ke kan doron ƙasa sau ɗari ko fiye. A wuraren da lakar ke da yalwar ruɓaɓɓen abu, iskar oksijin takan ƙare a cikin 'yan santimitoci na sama, duk abin da ke ƙasa da haka ba shi da iska.

3.2 Zangon Farko: 1895 Zuwa 1952

Masana da dama sun jingina mafarin wannan bincike ga wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Japan mai suna Miyoshi, wanda a 1895 ya lura da cewa wani nau'in fumfuna yana huda kakin da ake samu daga man fetur. Kafin lokacin ana ɗaukar wannan kaki a matsayin abin da babu halittar da ke iya taɓa shi. A 1906 Söhngen na garin Delft a Holan ya ware wata bakteriya da ke rayuwa a kan iskar mithen, wato gas ɗin da ke tasowa daga fadamu da kududdufai. A 1913 ya ƙara nuna cewa akwai waɗanda ke cin fetur da kananzir, kuma ya samo su ne daga ƙasar lambu da ruwan magudanai. Wannan ya nuna tun da wuri cewa ba sai a rijiyar mai ake samun su ba.

A 1926 wani masanin duwatsu na Jami'ar Chicago mai suna Bastin ya sami bakteriya masu rai a cikin ruwan da ke fitowa daga rijiyoyin mai na Jihar Illinois ta Amurka. Irin waɗanda ya samu ba sa numfashi da oksijin. Suna amfani ne da wani gishiri da ake kira salfet, sannan su fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duk wanda ya taɓa tona baƙar laka a kududdufi da rani ya san wannan wari, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Wanda ya tattara waɗannan bayanai wuri guda shi ne Claude ZoBell na cibiyar nazarin teku ta Scripps a Kalifoniya. A 1946 ya wallafa dogon nazari inda ya lissafa kusan nau'i 100 na ƙananan halittu masu cin haidirokabon. Haka kuma ya shiga tafiyar binciken jirgin ruwan ƙasar Denmak mai suna Galathea, wadda aka yi daga 1950 zuwa 1952, inda ya ɗebo laka daga zurfin da ya haura mita 10,000 kusa da ƙasar Filifin, ya kuma tarar da bakteriya masu rai a cikinta. ZoBell yana da ra'ayin cewa ana iya cin mai ko babu iska, amma waɗanda suka biyo bayansa sun kasa tabbatar da haka a ɗakunan gwaji. Don haka har zuwa shekarun 1980 ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne cewa idan babu oksijin, to mai ba ya ruɓewa.

3.3 Zango na Biyu: Haɗurran Jiragen Dakon Mai

Abin da ya fito da wannan ilimi daga ɗakin gwaji zuwa idon duniya shi ne haɗurra. A watan Maris na 1967 jirgin dakon mai Torrey Canyon ya daki duwatsu a kudu maso yammacin Ingila, ya zubar da kusan tan 119,000 na ɗanyen mai. Hukumomi sun kwarara magungunan wanke mai masu ƙarfi, har ma aka sa jiragen yaƙi suka yi wa jirgin ruwan bama-bamai don a ƙone abin da ya rage. Daga baya aka gane cewa maganin ya kashe halittun bakin teku fiye da man kansa, kuma wuraren da ba a taɓa ba sun riga sauran farfaɗowa. Wannan ya sa aka fara tambayar ko mene ne ke share man a inda mutum bai sa hannu ba.

A farkon shekarun 1970 wasu masana biyu na Jami'ar Rutgers, Atlas da Bartha, suka nuna cewa ruwan teku yana da bakteriya masu cin mai, amma ba shi da isasshen naitirojin da fosfaras. Ma'ana, mai abinci ne mai ba da ƙarfi amma ba ya gina jiki shi kaɗai, kamar tuwo ne babu miya. Da suka ƙara waɗannan sinadarai biyu, waɗanda su ne ginshiƙin takin zamani, sai aikin ya yi sauri ƙwarai.

A daidai wannan lokaci wani masani haifaffen Indiya mai aiki a Amurka, Ananda Chakrabarty, ya harhaɗa halayen gado na wasu bakteriya na dangin Pseudomonas a cikin ƙwaya ɗaya domin ta ci nau'o'in mai daban-daban. Ya nemi rajistar mallaka a 1972, shari'a ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a watan Yuni na 1980 ta amince da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Hukuncin ya yi suna a tarihin shari'a, amma ba a taɓa sakin wannan halitta a kan wani malalar mai a teku ba.

Gwaji mafi girma ya zo ne bayan 24 ga Maris, 1989, ranar da jirgin Exxon Valdez ya zubar da kimanin tan 37,000 a gaɓar Alaska. A nan ba a kawo baƙin bakteriya daga wani wuri ba. An yayyafa taki ne a kan duwatsu da yashin gaɓar da ta fi kilomita 100 tsawo, aka bar 'yan gida su yi aikinsu, kuma saurin ɓacewar man ya ninka. Sai dai binciken da aka sake yi a 2001, wato bayan shekara 12, ya tarar da mai a binne ƙarƙashin tsakuwa kusan yadda ya shiga. Irin wannan aka gani a West Falmouth ta Jihar Massachusetts, inda man da ya zuba a 1969 aka same shi a cikin lakar fadama bayan shekara 30.

3.4 Zango na Uku: Shiga Ƙarƙashin Teku

Har zuwa tsakiyar shekarun 1970 ana kallon ƙasan teku tamkar hamada. A 1977 wani ƙaramin jirgi mai nutso da ake kira Alvin ya sauka zuwa zurfin kimanin mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos, ya tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi kewaye da halittu birjik waɗanda rayuwarsu ta dogara ga bakteriya, babu ruwansu da hasken rana. A 1982 aka ba da bayanin wani wuri mai suna Guaymas a mashigin tekun Kalifoniya na ƙasar Meksiko, mai zurfin mita 2,000, inda zafin ƙarƙashin ƙasa ke dafa laka tana komawa mai a cikin ƙasa da shekara 5,000, maimakon miliyoyin shekaru. A tsakiyar shekarun 1980 kuma aka gano wurare a mashigin tekun Meksiko inda mai da gas ke tsattsafowa daga ƙasa da kansu.

Waɗannan bincike sun amsa wata tambaya da ta daɗe, wato daga ina bakteriya suka koyi cin mai. Amsar ita ce tun kafin a haƙa rijiyar farko mai yana yoyo a teku. Wani ƙiyasi da Majalisar Bincike ta Amurka ta fitar a 2003 ya nuna cewa kimanin tan 600,000 ne ke tsattsafowa a kowace shekara, wato kusan rabin duk man da ke shiga tekunan duniya. Da ba don masu cinye shi ba, da tuni gaɓar tekuna ta cika da kwalta.

Daga nan aka koma kan tsohuwar taƙaddamar ZoBell. A 1991 ayarin wani masanin Jamus, Friedrich Widdel, ya ware wata bakteriya mai numfashi da salfet wadda ke cin haidirokabon babu oksijin ko kaɗan. A 1994 suka sami wata daga lakar Guaymas wadda ke cin ɗanyen mai a zafin digiri 60. Wannan ya tabbatar da cewa ZoBell yana kan gaskiya, sai dai aikin yana da matuƙar nawa, kuma wannan nawar ce ta sa na farko suka kasa ganinsa. A 1999 ayarin ya ƙara nuna cewa ko a lakar magudanar ruwa mai daɗi, inda babu salfet sosai, wasu halittu kan haɗa ƙarfi su mai da man ya zama iskar mithen, amma sai da aka jira watanni masu yawa kafin a ga alamar haka.

A ɓangaren masu buƙatar iska kuma an sami ci gaba. A 1995 aka raɗa wa Cycloclasticus suna bayan an samo ta a lakar Puget Sound ta Amurka, ita ce gwanar fasa sinadarai masu zobba. A 1998 aka bayyana Alcanivorax borkumensis daga kusa da tsibirin Borkum na Jamus. Ita wannan da wuya a gan ta a ruwa mai tsabta, amma da zarar mai ya zuba sai ta hayayyafa ta rinjayi sauran.

A shekarar 2000 Antje Boetius da abokan aikinta suka gano wani ƙawance a lakar da ke gaban gaɓar Oregon. Wasu halittu da ake kira akiya, waɗanda suka yi kama da bakteriya amma danginsu daban, suna dunƙulewa a tsakiya suna cin mithen, bakteriya masu salfet kuma na kewaye da su suna karɓar abin da suka saki. Ɗaya ba ya iya aikin sai da ɗaya. Wannan ƙawance ne ke cinye mafi yawan mithen da ƙasan teku ke samarwa kafin ya kai sararin sama ya ƙara ɗumamar yanayi. A 2007 aka sami masu cin furofen da biyuten, wato gas ɗin girki, su ma daga lakar Guaymas da mashigin Meksiko.

3.5 Haɗarin Shekarar 2010

Ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya kama da wuta a mashigin tekun Meksiko, ma'aikata 11 suka rasu. Bakin rijiyar yana ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita 1,500, kuma an yi kwana 87 mai yana kwarara kafin a toshe ta ranar 15 ga Yuli. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa ganga miliyan 4.9 ta fito. Wannan ne karo na farko da masana suka sami damar kallon aikin bakteriyar teku mai zurfi a kan mai mai yawa haka.

Wani kaso na man da gas bai taso sama ba, ya tsaya kamar gajimare a zurfin mita 1,000 zuwa 1,300. Terry Hazen da ayarinsa sun ba da rahoto a watan Agusta na shekarar cewa wasu bakteriya masu son sanyi sun cika wannan gajimare. Bincike na baya ya nuna cewa aikin bi da bi aka yi shi. Masu cin miƙaƙƙun sinadarai ne suka fara, sai Colwellia da Cycloclasticus suka karɓa, daga baya masu cin mithen suka zo. A cikin 'yan watanni gajimaren ya ɓace.

Labarin ƙasan tekun kuwa ya bambanta. Man ya manne da majinar da bakteriya ke fitarwa da gawarwakin ƙananan halittu, ya yi ta sauka kamar ɓurɓushin auduga. Binciken David Valentine na 2014 ya gano tabon man a faɗin kimanin murabba'in kilomita 3,200 kewaye da rijiyar. A can sanyi da ƙarancin iska sun rage saurin aikin, sinadarai masu nauyi kuma suka daɗe. Har ila yau wani gwaji na 2015 ya nuna cewa maganin tarwatsa mai, wanda aka zuba kimanin lita miliyan 7 nasa, yana iya danne wasu daga cikin ƙwararrun masu cin man. A 2019 masana daga Sin da Ingila suka sanar da samun masu cin haidirokabon da yawa a ramin Mariyana, wuri mafi zurfi a duniya, a zurfin da ya haura mita 10,000.

3.6 Matsayin Nijeriya a Wannan Tarihi

An haƙo mai na kasuwanci a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Tun daga nan yankin Neja-Delta ya sha fama da malalar mai, kuma ɗaya daga cikin manyansu ita ce fashewar rijiyar Funiwa ta 5 a cikin teku a watan Janairu na 1980. Masanan ƙasar nan irin su Gideon Okpokwasili na Jami'ar Fatakwal da Olukayode Amund na Jami'ar Legas sun shafe shekaru suna nazarin ƙananan halittun gida masu cin ɗanyen man Nijeriya. A 2006 aka kafa hukumar NOSDRA domin sa ido a kan malalar mai.

Daga cikin wuraren da Nijeriya ke haƙar mai a teku mai zurfi akwai filin Bonga, wanda ya fara aiki a watan Nuwamba na 2005, kilomita 120 daga gaɓa, a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. A watan Disamba na 2011 kimanin ganga 40,000 ta zuba a can. Ke nan batun lakar ƙasan teku ya shafi ƙasar nan kai tsaye.

Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a watan Agusta na 2011, ya ƙara fito da darasin fili. Hanyar da aka saba bi a can ita ce a kaftu ƙasar sama, a zuba taki, a bar bakteriya da ita. Rahoton ya ce wannan bai wadatar ba, domin a wurare da dama man ya nutse fiye da mita 5, inda garma da iska ba sa kaiwa. A Nisisioken Ogale an sami sinadarin benzin a ruwan rijiyoyi wanda ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Rahoton ya ƙiyasta cewa gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30.

3.7 Dutsin-Ma da Kurfi

Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa wannan labari da ƙasar Yandakan Katsina da ta Maraɗin Katsina, alhali tsakaninsu da teku tafiya ce mai nisa. Amsa ta farko tana cikin tarihin shigowar mai Arewa. Matatar Kaduna ta fara aiki a 1980, ta Damagaram a Jamhuriyar Nijar a 2011, a 2018 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar fahimtar juna don gina wata a Jihar Katsina. A watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauci da Gombe. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Amsa ta biyu ta fi kusa. Hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta shiga Dutsin-Ma cike take da motoci da babura, kuma zirga-zirgar ta ƙaru tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011. Kowane babur da aka yi wa juye yakan bar kimanin lita ɗaya ta baƙin mai, ƙaramar mota kuma kimanin lita huɗu. Ga injinan niƙa da janaretoci da injinan ban ruwa, ga kuma abin da ke ɗiga a wurin 'yan bumburutu. Wani baƙin man akan shafa shi a azara da katako don gara, wani a zuba a masai don wari da sauro, saura kuwa ƙasar gareji ce ke shanye shi. Duk wanda ya duba bakin garejin da ya daɗe zai ga ƙasar ta yi baƙi ta daskare, ko ciyawa ba ta fitowa.

Idan aka auna wannan da abin da tarihi ya nuna, za a ga cewa man da ke saman ƙasa yana cikin yanayi mai sauƙi. Zafin bazara a wannan yanki yakan kai digiri 40, ƙasar jigawa tana shigar da iska, takin gida da kashin kaji kuma suna da naitirojin da fosfaras. Dangin Pseudomonas da Bacillus da ake samu a kusan kowace ƙasar noma suna cikin masu cin mai. Abin da suka fi rasa shi ne danshi da rani. Idan aka kankare ƙasar da ta ɓaci, aka shimfiɗa ta a wuri mai dandaɓe, aka gauraya da taki, ana yayyafa ruwa ana juyawa, to an yi abin da aka yi a Alaska a 1989 ke nan, da kayan da kowane manomi ya sani.

Haɗarin yana ga man da ya bar saman ƙasa. Yashi yana saurin zurarar da shi zuwa ƙasa inda rijiyoyi ke samun ruwa, kamar yadda ya faru a Ogoni. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan sama kan kwashe shi zuwa kududdufai da rafuka da madatsu, ya manne da taɓo ya kwanta. Babbar madatsar yankin ita ce ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983, mai tsayin mita 19 da tsawon mita 2,750, tana kuma iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170. A watan Yuli na 2021 aka ƙaddamar da aikin kai ruwan sha daga cikinta zuwa birnin Katsina da wasu garuruwa. Masunta da manoman rani da makiyaya duk a kanta suke.

Lakar da ke ƙasan irin wannan madatsa ta yi tarayya da ta ƙasan teku a abu mafi muhimmanci, wato rashin iska. Ta fi ta teku ɗumi, wannan alheri ne. Amma ruwa mai daɗi ba shi da salfet kamar ruwan gishiri, saboda haka aikin yakan faɗa hannun masu mai da mai mithen, irin waɗanda aka gani a gwajin 1999, kuma su ne mafiya nawa. Bugu da ƙari, baƙin mai ya fi ɗanyen mai illa ta wata fuska, domin yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa daga injin da sinadarai masu zobba da ƙonewa ta haifar. Bakteriya na iya mai da haidirokabon ruwa da iska, amma ba ta iya ɓatar da ƙarfe. Duk ƙarfen da ya shiga laka yana nan, yana kuma iya bi ta jikin kifi ya kai ga mutum.

Akwai kuma hanyar ruwa. Karaduwa tana zuba a Bunsuru, Bunsuru a Rima, Rima ta haɗu da kogin Sakkwato su shiga Kwara, Kwara kuma ta faɗa tekun Atalantika ta Neja-Delta. Lakar da ke kwance a zurfin teku gaban Neja-Delta, wadda ake haƙar mai a ƙarƙashinta, koguna ne suka tara ta daga tudu a tsawon miliyoyin shekaru.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda binciken ya faro daga kakin Miyoshi na 1895 da ƙasar lambun Söhngen, ya bi ta haɗurran 1967 da 1989, ya nutsa ƙasan teku a 1977, ya warware taƙaddamar rashin iska a 1991 da 1994, sannan aka jarraba shi a haɗarin 2010. An ga cewa a duk inda aka yi nasara, bakteriyar da ke wurin tun asali ce ta yi aikin, ɗan Adam taki da iska kawai ya taimaka da su. An kuma ga cewa a Alaska da West Falmouth da mashigin Meksiko da Ogoni, man da ya nutse cikin laka ko ƙarƙashin ƙasa shi ne ya gagara.

Saboda haka abin da ya fi dacewa da Dutsin-Ma da Kurfi shi ne a tare baƙin mai tun yana hannun bakanike. Ƙungiyoyin kanikawa da na masu babura na iya tanadar durom a kowane gareji don tara shi, a dandaɓe wurin juye da siminti, a kuma hana yin juye da wankin injina a bakin madatsu da rafuka. Ƙananan hukumomin biyu da masarautun hakimai suna da ikon da za su sa a bi wannan tsari. Sassan kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita kuma suna da damar ɗebo laka daga Zobe da kududdufan garuruwan biyu a kowace shekara, a auna ta, a adana sakamakon, domin na baya su sami abin kwatantawa. Rigakafi dai ya fi magani. Babi na gaba zai duba kalmomin da kanikawa da masu sayar da mai na yankin suka ƙirƙira ko suka aro a wannan sana'a.